Ranar da Muka Tashi Kashe Baba Ful

Na tsallake hamada a bayan mota, na kwana a hannun 'yan sanda, duk ban riƙe su a rai ba. Amma ranar da muka tashi kashe Baba Ful, har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

Baba Ful ba mutum ba ne. Abokin zamana ne ya ƙirƙiro shi, wani mutumin Agadas da muke hayar ɗaki ɗaya a unguwar Sih ta Madina. A gida shi ne mai jitar lantarki na wata ƙungiya, kiɗan nan mai ƙara da samari ke tsalle a kansa. Waƙoƙinsu duk na kewa ne, babu dariya a ciki. Da harka ta tsaya sai ya zo Madina yana tuƙa motar ruwa. Jitar tana ƙarƙashin gado. Madina ba garin ɗaga sauti ba ne.

Ran Juma'a bayan la'asar yakan maƙale murya kamar tsoho marar haƙori, ya kaɗa jitar a hankali, ni ina buga masa bokiti. Tsohon nan, Baba Ful, kullum ƙorafi: ful, dafaffen waken Larabawa, da safe, ful da rana, kafili, ubangidan aiki, ya ce albashi sai "bukra", wato gobe, bukra ta ƙi zuwa. Mu ɗauka a waya mu tura. Daga Anbariyya har Yanbu Hausawa suka riƙa turawa juna.

Sai 'yan ƙungiyarsa suka kira. Sun samu tafiya Turai, suka ce ya dawo. Sharaɗi ɗaya: ya daina muryar tsohon nan, tana zubar musu da mutunci.

Ya tambaye ni. Na ce, "Dariya ba ta cika ciki. Kashe shi."

Ya tsara waƙar ƙarshe, inda ful ya shaƙe Baba Ful ya cika. Muna cikin ɗauka aka buga ƙofa. Mai gidanmu ce, wata tsohuwa Bahaushiya haihuwar Madina. Ashe ta bango take jin mu tun farko.

"Kai ɗan nan, wa kake kashewa a gidana?"

"Hajiya, wasa ne."

"Wasan gidanku! Jikokina in yi musu Hausa su amsa min da Larabci. Wallah ban taɓa jin Hausa a bakinsu ba sai da tsohon nan ya zo. Jiya ƙaramar ta ce min, 'Kaka, bukra ta ƙi zuwa.' Kaka fa! Ba sitti irin ta Larabawa ba. Yalla, ka kashe shi in gani."

Ta juya ta tafi.

Abokina ya jawo jitar. Sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ɗauki bokitinka." Ya sake baitin ƙarshe: ana shirin wanka, gawa ta yi atishawa ta tashi tana tambayar wa ya cinye mata sauran ful.

Ƙungiyar ta ɗauki wani mai jita, suka tafi ba shi. Har yau motar ruwa yake tuƙawa. Ban taɓa tambayarsa ko ya yi nadama ba, shi ma bai faɗa ba. Wani lokaci nakan gan shi yana kallon bidiyonsu, sauti a kashe.

Ni ban yi boko ba, ban yi allo mai nisa ba. Amma ranar na koyi cewa abin da ka raina a hannunka, ka kira shi wasa, wataƙila shi ne igiyar da wani yake riƙe da ita. Tun daga nan, kafin in ce wa mutum "kashe shi", sai na fara tambayar wa ke saurare a bayan bango.