Shekarar da Yayana Ya Mai da Shanunsa Gero

Mu a Toranke rumbu ne bankinmu. Da kaka a zuba hatsi yana arha, a toshe, a jira damina ta yi nisa kowa ya cinye nasa, sannan a fito da shi ana yanga. Haka muka taso muka tarar, kuma gero bai taɓa ba mu kunya ba.

Bayan an cire tallafin man fetur komai ya haukace. Kwanon gero ya kai matsayin da in ka gan shi a kasuwar Ajingi sai ka cire takalmi ka gaishe shi. Yayana ya ga waɗanda suka yi ajiya sun hau sababbin babura. Da kaka ta zagayo sai ya sayar da shanun huɗarsa, waɗanda da su yake noma gonar da mahaifinmu ya bari, ya sayi gero. Ya cika rumbu, ya cika zaure, har ta kai mai sallama sai ya shiga a kaikaice.

Na ce, "Yaya, da me za ka yi huɗa baɗi?"

Ya ce, "Kai dai surutu ka iya. Kafin ruwan farko zan sayi waɗanda suka fi su. Har kai zan saya wa maraƙi, ka samu abokin hira."

Sai gwamnati ta ce tsada ta yi yawa, ta buɗe ƙofa a shigo da abinci daga ƙasashen waje. A rediyo muka ji, har muka sa albarka, ba mu san da mu ake ba. Farashi ya fara gangarowa. Yaya ya ce a jira azumi. Azumi ya wuce, ya ce a jira shuka. Shi kuwa takin zamani ba ya jin rediyo, yana can sama abinsa, ana cewa wai dala ce ta riƙe shi. Ni duk faɗin ƙasarmu ta Gaya ban taɓa haɗuwa da dalar nan ba, amma ta san gidan kowa.

Da hadari ya fara haɗowa na raka shi kasuwa da buhunan. Wani dillali ya taya, Yaya ya ce, "Alhaji, buhu fa na ce, ba kwano ba."

"Buhun nake nufi, Malam. Dubi bayanka."

Muka waiga. Motoci ne jere, duk irinmu ne.

Abin da ya samu bai kai san huɗa ko ɗaya ba, balle taki. Ya koma fartanya da furfurarsa. Ya shuka gefen da zai ciyar da gida, sauran gonar ta zama ta tafasa. Ni da ake cewa ko a zaman makoki sai na sa wani ya ƙunshe dariya, sai ga ni tsaye a bakin gonar ina kallon tafasa kawai.

Bai ko ɗago ba ya ce, "In ba taya ni za ka yi ba, matsa, kana taka min shuka."