Mai Ƙafa Uku da Fuskar Gwaggo

A layinmu Mai Ƙafa Uku ake ce masa, saboda sandar nan mai ƙafafu uku da yake ɗora kyamara a kanta, ko dubiya zai je tana kafaɗarsa. Tun zamanin da ake wanke fim yake ɗaukar hoto, yatsunsa sun daɗe suna warin ruwan wankinsa. Da kyamarar zamani ta zo bai yi gaba da ita ba. Abu ɗaya ne ba sa shiri a kai, lambar ISO. In ɗaki da duhu aka ɗaga ta, hoto zai yi haske, amma fuska ta cika da ɗigo-ɗigo. Shi yashi yake kiran su.

"Ba zan watsa wa bawan Allah yashi a fuska ba," haka yake cewa.

Gwaggonsa, tsohuwar tela, ita ta raine shi, kuma ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba. Sai da jiki ya ƙi, ta aika masa.

"Zo ka ɗauke ni, ja'iri, kafin jikokina su manta hancina."

Ɗakinta da duhu. Tun da aka yi mata aikin ido ba ta jure walƙiyar kyamara, ga kanta yana rawa ba tsayawa. In ya bar lambar a ƙasa, dole idon kyamara ya ɗan jima a buɗe, kuma ko ƙyas mutum ya motsa hoto ya ɓaci.

Ya kafa ƙafafun, ya ɗage labule kaɗan, ya rataya farin zane a ƙofa don ya maido hasken hantsi kan kumatunta. Ya danna. Fuskar ta fito kamar an shafe ta da jiƙaƙƙen hannu. Ya sake, haka.

'Yarta ta ce, "Yaya, ɗaga lambar mana, ta gaji."

"Wannan fuskar? Haba dai."

Gwaggo ta harare shi. "Kai, yi sauri. Ko sai na mutu zan tsaya maka cak?"

Ya yi dariya, idonsa ya ciko. Sai ya hangi keken ɗinkinta a lulluɓe a lungu. Ya jawo aljihun keken, ya ɗauko allura da zare.

"Gwaggo, zura mini, maɓallina zai cire."

"Ƙaton banza, da furfurarka!"

Ta ɗaga allurar wajen taga, ta lashi bakin zaren, ta ɗauke numfashi. Kan nan da ya daɗe yana rawa ya tsaya. Ya danna.

Zaren bai shiga ba. Hoton kuwa yana ɗakin kowane jika, babbansa kuma a bangon shagonsa, a saman madubi. Duk wanda ya tsaya kallo, sai Mai Ƙafa Uku ya gyara tsayuwa ya ce, "Matso ka duba da kyau. Duk layin da ka gani a fuskar nan nata ne, babu yashi ko ƙwaya."