Tsohuwar Kwamfutata da Takardar Saukar Inna

Shagona na buga takardu yana kan hanyar sakatariya a Batsari, kuma shekara da shekaru kwamfuta ɗaya ce ke ci da ni. Nawa gare ta, ba na musu. Idan na kunna ta da safe, sai in share shago, in gaisa da mai nama na kusa da ni har mu tambayi lafiyar iyali, sannan ta gama buɗe ido. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kunyata ni gaban mutane ba.

Ɗan kawuna, taubashina, shi ke gyaran kwamfuta a Katsina. Duk zuwan da zai yi sai ya tsokane ni.

"Bawana, wannan gyatumar taka ai sai a kai ta Hajji ta huta. Bari in sa mata sabuwar manhaja, irin wadda ke tafiyar da komai na cikinta. Kafin ka ƙifta ido ta buɗe."

Gaskiya ina so. Masu cike takardun neman aiki ta intanet sun fara tsallake ni saboda jira, abin yana ci mini rai. Sai dai na tuna mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ko an kawo masa sabon irin gero mai saurin nuna, ba ya taɓa rabuwa da tsohon iri, sai ya ɗaure dami ɗaya ya ajiye a rumbu. Na ce wa taubashina ya sa sabuwar ƙwaƙwalwa, wato ma'ajiyar da manhaja ke zama a cikin kwamfuta, ya zuba manhajarsa a kai, tsohuwar kuma ya ciro mini ita yadda take. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya naɗe ta a leda ya miƙo mini, ya ce in yi laya da ita.

Kai, sabuwar nan akwai gudu! Kwana uku ina ta baza haƙora, har mai nama na kira ya zo ya gani.

Ranar Alhamis malamin Islamiyyar matan aure ta garinmu Zakka ya sauko daga babur da kwalin takardu masu kauri. Asabar za a yi bikin sauka, kuma ni ke buga masa takardun shaida duk shekara. Na karɓi jerin sunayen, na uku sunan Inna ne. Mahaifiyata, wadda ta koma gaban allo bayan ta yi jikoki, ta yi shekaru tana bin harafi da yatsa. Ta riga ta gaya wa duk unguwa cewa ɗanta ne zai buga mata takarda.

Na jona tsohuwar firinta, ita kaɗai ke iya jan takarda mai kauri. Shiru. Na cire na mayar, na kashe na kunna. Sabuwar manhaja ta ce ba ta san ta ba. Ba ta san ta ba! Firintar da muka yi shekaru tare? Raina ya ɓaci, gumi ya karyo mini.

"Lafiya dai?" in ji malam.

"Lafiya lau, Allah gafarta malam. A ɗan zaga kasuwa a dawo."

Yana fita na kira taubashina na zazzage masa. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "To ina layar taka?"

Da sukudireba a hannu, waya a maƙale a kafaɗa, na buɗe cikin kwamfuta karo na farko a rayuwata. Yana faɗa mini wayar da zan zare, yana haɗawa da zagin wasa, ni ma ina ramawa. Na mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwa na kunna. Ta ɗauki lokacinta kamar kullum, har na je na yi alwala na dawo. Da na danna a buga, sai na ji firinta ta yi ɗan tarin nan nata ta ja takarda. Wallahi rawa ce kawai ban taka ba. Daga baya na sayi wata kwamfutar na sa mata sabuwar ƙwaƙwalwar, yanzu kowace da aikinta.

Ranar Asabar a Zakka, da aka kira Inna, ta karɓi takardar da hannu biyu. Ba ta ba kowa ya karanta mata ba. Ta ɗora yatsa a kan rubutun Larabcin, ta bi shi a hankali, ta karanta sunanta da na mahaifinta da bakinta. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa hawaye suka zubo mini, ban ko ɓoye ba.

A gida na ba ta labarin abin da ya faru. Ta yi dariya, ta shafa takardar.

"To ka riƙe tsohuwar kwamfutar taka da kyau," ta ce. "Ni ma ai ban yi sauri ba."