Kafson da Malam Ya Rabar

Maigidana, Malam, direban babbar mota ne, yana ɗaukar gyaɗa da fatu daga Kano zuwa Ikko. A shekarun saba'in ne, muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, bayan gidanmu duk gonaki har Tarauni. Wata damina mota ta ƙwace masa a hanyar Zariya, ƙashin ƙugunsa na hagu ya farfashe. A asibiti likitoci suka cire kan ƙashin, suka sa masa na ƙarfe. Ya dawo yana takawa, har yana tsokanar maƙwabta, wai yanzu da shi da motarsa duk ƙarfe ne.

Ba a jima ba wurin ɗinkin ya kumbura, ya fara fitar da mugunya. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta lafe a jikin ƙarfen. Ya ba shi kafso cike da kwalba, ya ja masa kunne: in yana son komawa tuƙi, ya shanye duka, ko da ya ji sauƙi.

To, Malam mutum ne da bai iya cin abu shi kaɗai ba. 'Yan dubiya kuwa ba sa yankewa a soro, direbobi da leburori da 'yan kamasho, kuma kowa ya zauna sai ya faɗi nasa ciwon. Wannan ɗansa na gudawa, wancan maruru ya hana shi zama. Zazzaɓi na sauka, Malam ya fara zazzage kwalbar a tafin hannu yana miƙa musu.

Na leƙo na gani, raina ya ɓaci. Da suka watse na ce, "Haba Malam! Goron suna ne? Maganin ƙafarka kake rabo?"

Ya yi dariya. "Ni ai na warke. Mutum ya baro yaro a kwance ya zo duba ni, sai in danne magani a ƙarƙashin matashi?"

Na ɓoye kwalbar a cikin kwalla. Washegari ya ƙwala mini kira a gaban baƙi, in kawo. Wace mace ce za ta kunyata mijinta a cikin mutane? Na kawo ina cika ina batsewa.

Ciwon ya dawo. In ya tasar masa sai a sayo kafson nan ja-da-rawaya wurin masu talla, ya sha kwana biyu ya bari. Mai allurar unguwa shi ma ya zo ya yi nasa. Kullum ina wankin zanen gado, ina turara ɗakin kafin mutane su shigo.

Da muka koma asibiti aka ɗebi mugunyar aka gwada. Likita ya ce cutar ta saba da magungunan, ta daina jin su. Aka kwantar da shi, aka sauya allura, aka buɗe wurin aka wanke, duk a banza. Ƙarshe ya ce ko a cire ƙarfen, ko cutar ta shiga jini. Malam ya ce, "Likita, in an cire zan iya taka kuloci?" Likita ya ce a fara tsira da rai tukuna.

Aka cire. Ciwon ya bushe, amma ƙafar ta gajarce, ba ƙarfi. Wallahi har yau in na tuna zuciyata na ƙuna, kuma na rasa wanda zan yi wa fushi. Shi alheri ya yi niyya, 'yan dubiya kuma ba su san abin da suke karɓa ba.

Da ya murmure, mai motar da yake wa tuƙi ya zo da wata sabuwa har ƙofar gida, don yana ji da shi. Maza suka ɗaga Malam ya hau, ina leƙe ta bayan ƙyaure. Ya ɗora ƙafar, ya ciji leɓe ya danna, ya sake dannawa, gumi ya karyo masa. Kulocin bai nutsa ba. Ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya ce a sauke shi.

Ya dogaro sandarsa ya shigo, ya zauna bakin gado. Muna nan muka ji wani direban ya tada motar. Malam ya kasa kunne har ƙarar ta ɓace a titi.

Ya ce, "Yana saurin sakin kuloci. Zai lalata ta."