Guguwa a Cikin Gora

Iya, mahaifiyar Baba, jegon haihuwar ƙanwata ne ya kawo ta Kuala Lumpur, da niyyar wata uku. Sai korona ta rufe hanya, ta maƙale tare da mu a hawa na sha huɗu a unguwar Wangsa Maju. Shekarata goma sha biyu lokacin. Ba murhu, ba tsakar gida, sai ta mai da kicin dandali. Bayan magariba takan shimfiɗa tabarma gaban wutar gas tana jiran tuwo ya turara, ina gefenta, Baba yana falo kan karatunsa na digiri na uku.

A kwanakin ba abin da nake kallo a waya sai motocin nan masu injin jirgin sama, da ake gwada gudunsu a kan busasshen tafkin gishiri. Rannan na nuna mata wata. Wuta na feshi ta bayanta, ta tsaga fili kamar kibiya, can ta yi sama ta tarwatse. Direban bai fito ba.

"Ina za shi?" in ji Iya.

"Ba ko'ina, Iya. So yake ya fi kowa gudu."

"Wa ke jiransa a can?"

"Ba kowa lah," na ce, da 'yar "lah" ɗin nan da mutanen garin ke ƙarasa magana da ita.

Sai ta rage wuta ta ce, "Matso, ga wata nan gare ka."

Wai wani ɗan maƙeri ne ya ƙera amalanken ƙarfe, ya roƙi wata tsohuwa ta kama masa guguwa a gora. Ta koya masa kalmar buɗewa. Kafin ta faɗa masa ta tsayarwa, har ya zare murfi. Ya wuce barewa, ya wuce shaho, ya wuce muryar kansa, ko ihu ya yi sai ya bar shi a baya. Sau ɗaya a shekara amalanken kan zagayo ta ƙofar gidansu. Uwarsa takan fito da fura ta miƙa, ba ta ganin komai sai ƙura.

"Daga baya ya tsaya?"

"Uwar dai ta mutu da ƙwarya a hannu. Iyakar abin da aka ba ni ke nan."

Daga falo na ji Baba ya daina danna kwamfuta.

Ba a yi wata ba tari ya kama Iya. Wasu mutane sanye da fararen ledoji suka sauka da ita, ba mu ƙara ganinta ba. Baba kaɗai aka bari ya je maƙabarta, shi ma daga nesa aka tsayar da shi.

Na daɗe ina zaton da ni take, saboda motocin. Sai da na girma Mama ta gaya mini cewa kafin zuwan Iya, shekara bakwai Baba bai taka gida Kano ba. Daga wannan digiri sai wancan, kullum ya ce mata sai baɗi. Jego dalili ne kawai ta samu, ɗanta ta zo gani.

Bai ƙarasa digirin ba. Da aka buɗe hanya muka koma Kano, shi ya ƙi. Ya ce ba zai bar Iya ita kaɗai cikin baƙi ba. Yana can har yau.