Igiya Mai Ƙulli Uku

Ƙanwata tana da shekara shida zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu, da ya tashi tafiya sai ya tafi da ƙafafunta. Ta dama ta mutu murus, ta hagu da ɗan sauran motsi. Shan inna ne, in ji mutanen unguwa. Lokacin ba mu daɗe da baro ƙauyenmu na wajen Rijau ba. Zamanin Turawa ne, Baba ya samu aikin lebura wajen gyaran hanya, muka tare a bayan garin Kontagora, kusa da wata 'yar majami'a ta jinka wadda ko kowa ya zo ba ta cika.

Addu'a kam an yi ta. Duk wanda ya ce ba a yi ba ƙarya yake, ni shaida ce. An yi a gida, an yi a majami'a, an yi azumi har Mama ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Mai bishara na majami'armu, wani dogon mutum mai ƙatuwar murya, ya ɗora wa yarinyar nan hannu sau ba adadi. Shekara ta wuce, ta biyu ta kama, tana nan tana rarrafe daga ɗaki zuwa tsakar gida.

To, daga nan aka shiga neman mai laifi. Dangin Baba da suka rage a ƙauye, masu bin gargajiya, suka aiko cewa ai shi ya jawo, tun ranar da ya ƙone layunsa ya bar hanyar kakanni. Maƙwabciyarmu Musulma, mai tuwon sayarwa, ta ce jarrabawa ce, a yi haƙuri. Ita kaɗai ce ba ta nuna kowa da yatsa ba, ita ce kuma ba wanda ya saurara. Mai bishara kuwa tasa maganar a miƙe take: Allah ba ya ƙarya, kuma ba kurma ba ne, in an roƙa bai bayar ba, to akwai abin da aka ɓoye a gidan. Ranar Lahadi ya faɗa. Bai kama sunanmu ba, amma duk majami'a sai da ta waiwayo.

Irin wannan magana ba ƙaramar ɓarna take yi wa gida ba. Baba ya fara bin Mama da ido in ta juya baya. Mama ta fara zargin tsohuwar da take kawo mana daddawa. Ni kuma, 'yar shekara goma sha uku, na zargi kowa, har da kaina. Domin ana gobe zazzaɓin zai kama ta, ni na goya ta zuwa rafi bayan an hana mu, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Duk sanda aka ce a rufe ido a yi addu'a sai in yi ta jiran mai bishara ya buɗe nasa idon ya nuna ni.

Ana cikin haka Mama ta ga wani tsohon soja a kasuwa, cikin waɗanda suka dawo daga yaƙi, ƙafarsa ɗaya, yana tafiya da sanduna biyu da ya tokare a hammata. Ta dawo tana ba Baba labari muna cin tuwo. Kai! Kamar ta watsa masa barkono a ido.

"Sanda?" ya ce. "Wato ki gaya wa Allah kin gaji da jira ke nan? 'Yata da ƙafarta za ta tashi, ba da itace ba."

"Maigida, magana kawai na yi."

"To kada ki sake."

Bai tsaya nan ba. Ranar Lahadi ya miƙe a gaban jama'a ya maimaita. Mai bishara ya ce amin, ya ƙara da cewa duk wanda ya sassaƙa wa gurgu sanda ya rufe masa ƙofar warkewa da hannunsa. Daga ranar Mama ba ta ƙara ambaton sanda ba, ni ma zancen ya fita kaina sarai.

Sa ido kuwa bai fita kaina ba, wannan tun ina ƙarama na iya shi. Bayan 'yan watanni na lura Mama ta canza. Sai ta aike ni rijiya alhali randa cike take, in na dawo in tarar ta saki asabari ita da ƙanwata, ina shiga su yi tsit. Na ritsa yarinyar na ce, "Me kuke yi in ba na nan?" Ta ce, "Ba komai, Yaya," tana toshe baki tana dariya. Haushi ya kama ni. Ni da nake ɗaukarta zuwa bayan gida, ni za a ɓoye wa magana?

Ranar kasuwa Mama ta kama kazarta ja ta fita, na bi ta a baya. Ba ta nufi kasuwa ba. Ta ratse ta bayan gonaki har gidan wani tsohon Bakambare mai sassaƙa turmi da kujerun mata. Mutumin ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa majami'a, damatsansa cike da kambu, ana kuma raɗe-raɗin ba turmi kaɗai yake yi ba, har magani yana bayarwa. Na laɓe bayan rumbu. Na ga uwata ta durƙusa ta miƙa masa kaza, tana magana ƙasa-ƙasa tana nuna ƙafarta, shi kuma yana gyaɗa kai. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma a ganina na gama jin komai.

Bayan kwana biyu ta tafi niƙa, na shiga ɗakinta na yi bincike. A cikin tukunyar da take ajiye zanen Lahadi na samu igiyar rama, sabuwa, da ƙulli uku a jikinta. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san igiya mai ƙulli. Ita ake ɗaura wa mara lafiya a ƙugu, ita ake binnewa a bakin ƙofa. Bari in faɗi gaskiya tunda na tsufa: daɗi na ji. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji har cikin raina. Ashe ba zuwa rafi ba ne, ashe ba ni ba ce! Baba yana dawowa daga aiki, ko diga bai ajiye ba, na damƙa masa igiyar, na kwashe labarin kaza da tsoho na gaya masa.

Washegari da la'asar mai bishara ya zo da dattawa biyu, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Ƙanwata tana bakin ƙofar ɗaki tana kallo.

"'Yar'uwa," in ji mai bishara, "igiyar nan taki ce?"

"Tawa ce," in ji Mama.

"Kin je gidan mutumin nan?"

"Na je."

"Me kika je nema?"

Ta sunkuyar da kai. Aka yi juyin duniya, ba ta ƙara ko uffan ba. Baba ya daka mata tsawa, wani dattijo ya lallashe ta, a banza. Mai bishara ya sa ni na ɗebo garwashi daga murhunta, ya ɗora igiyar a kai har ta zama toka. Aka sa Mama horo na wata shida: za ta zauna a bencin baya kusa da ƙofa, ba za ta ci jibin Ubangiji tare da jama'a ba. Baba ya ƙara nasa, ya ce iyakarta rijiya. Da za su tafi mai bishara ya shafa kaina ya ce yanzu hanya ta buɗe. Na kumbura kamar an naɗa ni sarauta.

Aka koma addu'a gadan-gadan. Kullum safiya sai na leƙa in ga ko ƙafar ta motsa. Mako ya wuce, wata ya wuce, damina ta sauka, ƙafa tana nan yadda take. Na fara tunanin ko akwai wata igiyar da ban gano ba, na sake birkice ɗakin Mama har da ƙarƙashin gado. Ban samu komai ba.

Ƙanwata kuwa ta daina kirana Yaya, ta daina yi mini magana ma ɗungurungum. Tsakar gida ta zama caɓi da tsakuwa, ita kuma a ciki take rarrafe. Gwiwoyinta suka sale, suka zama gyambo, ƙuda yana binta duk inda ta ja jiki. Wata rana ina wanke mata ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, tana cije leɓe ta kau da kai, sai haƙurina ya ƙare.

"Ke, ki daina kumbura mini baki," na ce. "Ai dominki na yi."

Ta juyo ta dube ni. "Domina? Awona kika kai aka ƙone."

"Awon me?"

"Na sanda. Ƙulli ɗaya diddigena, ɗaya tafin hannuna, ɗaya hammatata. Tsohon ya ce a kawo masa awo ya sassaƙa mini. Saura kwana uku Mama ta kai."

Ƙwaryar ruwan ta suɓuce daga hannuna. Wayyo ni! Na tashi na sami Mama tana daka.

"Mama, me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Rage murya," ta ce, ba ta ma daina dakan ba. "In faɗa a gaban dattawa, in kunyata ubanki da ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawari? Kuma da na ce sanda ce, da sun hana ta har abada. Tsafi kuwa horon wata shida ne, ya wuce."

"Kin daina yarda za ta warke ke nan?"

Sai a nan ta tsayar da taɓarya. "Wa ya gaya miki? Kullum ina roƙo. Amma Shi yana da lokaci, gwiwar 'yata ba ta da shi."

Na fashe da kuka, har da zancen rafin nan na amayar mata. Ta ce yara nawa suka je rafi ranar, nawa suka gurgunce? Ta ce in share majina in zo, akwai aiki.

Ta kai mu ɗaki, ni da ƙanwata, ta kwantar da mu a tabarma ɗaya, kafaɗa kusa da kafaɗa, ta haɗa diddigenmu da bango. Ta ɗauko gawayi ta ja layi a haƙarƙarina daidai inda hammatar ƙanwata ta kai, ta ja wani a cinyata daidai tafin hannunta. Ta ɗaura mini zane a kai.

"Kin san hanyar gidan," ta ce. "Ai kin taɓa zuwa."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tafi ina tafiya a hankali kada gumi ya goge gawayin, ina waige-waige ko wani yana bina, don na san yadda ake yi. Tsohon yana zaune yana fafe turmi. Na gaishe shi na ce daga wajen mai kaza ja nake.

"Ina igiyar, jikata? Itace ya bushe tun tuni."

"Babu igiya, Baba. A jikina awon yake."

Ya kira matarsa ta gwada ni da karan dawa, ta karya shi daidai layukan. Shi dai dariya kawai yake yi yana girgiza kai. Bayan mako guda na koma, na ɗauko sandunan a tsakiyar damin itacen girki, na ratsa unguwa da su a kaina.

Har yau da na tsufa ban san dalilin da ya sa Allah ya bar ta haka ba. Na ji amsoshi iri-iri, daga masu wa'azi da masu ta'aziyya, kuma duk wanda ya kawo mini tasa amsar da sauri, sai in tsaya in ga wa zai ɗora wa laifin. Na taɓa zama mai saurin amsa, kuma na ga abin da ya jawo: damina guda ƙanwata ta yi tana jan ciwo a cikin laka.

Ranar da na kawo sandunan ta faɗi ya fi a ƙirga. Ta tashi, ta faɗi, ta ƙi a taimake ta. Wajen la'asar ta iya tsayuwa, kanta ya kai gindin tagar ɗaki, tana ta mamakin yadda ake hango cikin randa daga sama. A haka Baba ya shigo da digarsa a kafaɗa.

Mama ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da yarinyar. Ni kuwa na ce yau kashinmu ya bushe, zai karya sandunan ya cusa a murhu.

"Baba, duba ni," in ji ƙanwata.

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ya ajiye diga, ya ce ta zauna a kan turmi, ya karɓi sandar dama. Ya zaro wuƙarsa ya tsuguna, ya fara rage mata tsawo daga ƙasa, don ya ga kafaɗarta ɗaya ta ɗaga. Yana fiƙa hawaye yana sauka a kan itacen. Ya miƙa mata ya ce ta gwada, ta gwada, ya ce ya yi.

Ranar Lahadi ya wuce wurin zamansa na gaba, ya je bencin baya ya zauna kusa da Mama. Ya ci gaba da zuwa majami'a har ƙarshen ransa, yana addu'a a kan tuwo, a kan ruwan sama, a kan marasa lafiyar wasu gidaje. Amma ban sake jin ya ambaci ƙafar 'yarsa a addu'a ba, ko sau ɗaya. Ko yarda ya yi da abin da Allah ya yi, ko fushi yake da Shi, ban sani ba. Na sha buɗe baki in tambaye shi, sai tsoron abin da zai ce ya hana ni.