Gidan Kaka, Sunan Baffa

'Yata da ke karatu a Scotland ta turo mini hoton wani tsohon gidan dutse, siriri dogo kamar an kafa taɓarya a tsakiyar ciyawa. Ta ce a bakin ƙofarsa akwai allo da aka jera waɗanda suka mallake shi tun farko: wannan ya ƙwace daga wancan, wani ya sari ƙaninsa a kan matakala. Sai ta ƙara da cewa, "Mama, ashe a ko'ina akwai irin Kawu, masu zub da jini a kan tulin duwatsu." Na kife wayar a kan cinyata, na daɗe ban ɗaga ta ba.

Mu ma mun taɓa yin dogon gida, a unguwar Ammariyya da ke Jidda. Kakanmu ne ya gina shi. Da ƙafa ya zo hajji daga ƙasar Hausa, ya sauke farali, guzurin komawa ya gagara, sai ya shiga aikin magina masu sassaƙa dutsen da ake haƙowa a bakin teku. Filin da ya samu bai wuce a shimfiɗa tabarma shida ba. Da ya ga babu wurin faɗaɗawa sai ya nufi sama. In iyali suka ƙaru ya ɗora hawa, har gidan ya kai hawa huɗu, ɗaki ɗaya da ɗan falo a kowane hawa. Matakalarsa tsukakkiya ce mai lanƙwasa, mutum biyu ba sa giftawa. Saboda haka dokar gidan ita ce duk namijin da zai hau sai ya ɗaga murya tun daga ƙasa ya ce "Tarik!", wato a ba da hanya, don mata su kintsa. Gudumar da Kaka ya yi ginin da ita kuwa, da ita muke tokare ƙofar hawa na huɗu don iska.

Kaka mutum ne mai taurin kai, ni ma wurinsa na gado, ba na musu. A lokacin da samun takardar zama ɗan ƙasa ba ta da wuya, an yi ta binsa ya karɓa, ya ƙi. Cewa yake shi baƙon Allah ne, baɗi zai koma gida, me zai yi da takardar mutane? Baɗin nan ya yi ta zuwa yana wucewa har aka binne shi a Jidda. Babana, babban ɗansa, ya bi sahunsa don biyayya, ya zauna da iƙama, takardar izinin zaman baƙo. Ƙaninsa, Baffa, shi kaɗai ya karɓa, saboda aikin tuƙi da ya samu.

Da aka zo yin sakk, wato takardar mallakar gida, dole sunan ɗan ƙasa za a sa. Sai aka rubuta sunan Baffa. Dattawan unguwa suka taru a hawa na ɗaya, Baffa ya faɗa da bakinsa cewa gidan nasu ne su biyu, shi da Baba, aka shafa fatiha, aka sha shayi. Wani daga cikin dattawan ya ce a ɗan rubuta hakan a gefe, Baba ya ɓata rai. A wurinsa neman rubutu daga wanda kuka fito ciki ɗaya zagi ne. Kuma Baffa bai ci amana ba, Allah ya jiƙansa. Har ya mutu, in an tambaye shi gidan wa ne, cewa yake gidan yayansa ne. Abin da babu wanda ya tuna shi ne, takarda ta fi mutum tsawon rai.

Ɗan Baffa da yayana kwano ɗaya suka ci tun suna rarrafe. Amma ko wata biyu ba a yi da rasuwar ubansa ba ya hau wurin Baba da sakk a cikin leda, ya ce ya samu mai saye, mu nemi wuri. Baba a lokacin idonsa ya yi rauni, ya shekara bai sauka ƙasa ba sai ranar Juma'a da ake riƙo shi. Abu ɗaya ya iya faɗa, cewa an yi fatiha. Ɗan Baffa ya ce fatiha ba ta da hatimi. Bai rufe baki ba Yaya ya ɗauke shi da mari, irin wanda aka ji ƙararsa har hawa na biyu.

Daga ranar gidan ya zama filin daga. Suka datse mana bututun ruwa, na koma hawa da jarka a kai, hawa huɗu, ga goyo. Yaya ya fasa musu kwandishan da bulo. Bayan kwana uku wasu abokan ɗan Baffa suka tare Yaya a lungu yana dawowa daga garejin da yake aiki a unguwar Sa'alaba, suka yi masa dukan kawo wuƙa, ya shigo da haƙori ɗaya a tafin hannu. Matan gidan ma ba a bar mu a baya ba. Ni da ƙanwar ɗan Baffa mun yi dambe a kan matakala har na fito da kitsonta guda a hannuna, kuma a lokacin daɗi na ji. Masu sulhu sun yi ta zarya. Shaidun fatiha duk sun riga mu gidan gaskiya, ita kuwa takarda tana nan da ranta.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, Yaya yana gareji. Mijina yana wurin aiki, ni kaɗai ce a sama da Baba da 'yata, tana da shekara uku. Na ji takun maza a matakala, kuma babu wanda ya ce "Tarik". Tun da aka gina gidan ba a taɓa yin haka ba. Ɗan Baffa ne a gaba, bayansa lebura biyu da ya ɗauko su sauke mana kaya.

Baba ya lallaba bango ya fito, ya zauna a kan matakalar ƙarshe ya tare hanya da jikinsa. Ya ce a nan aka haife shi, a nan za a ɗauki gawarsa.

"Halas, ya ammi," in ji ɗan Baffa da Larabci, wato ya isa haka. "Yalla, tashi. Na gaji da wannan wasan."

Ya cafki wuyan rigar Baba ya fizgo. Tsoho ya sulluɓo matakala uku, bakinsa ya bugi dutse, hularsa ta gangara ƙasa. Na ga jini a farin gemunsa.

Ban san sanda na sunkuya ba. Na dai ji nauyin gudumar Kaka a hannuwana biyu. Kan ɗan Baffa na nufa, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Ya ɗago ya gan ni, ya kauce, gudumar ta share gefen kunnensa ta sauka a kafaɗa. Na ji ƙashi ya ce ƙas, kamar an karya rake. Ya tafi da baya yana bugun bango har lanƙwasar matakala. Leburorin ba su ga abin da ya same shi ba saboda lanƙwasar, jinin kawai suka gani suka ranta a na kare. Ni kuwa zuciya ba ta sake ni ba. Na bi shi, na same shi yana ƙoƙarin dafa ƙasa, na sake sauke masa ita a bayan hannu. Baba yana kiran sunana, 'yata tana tsala ihu, ban ji ko ɗaya ba sai daga baya.

Maƙwabta suka kira Yaya. Ya hau a guje, ya dubi ɗan Baffa a kwance yana nishi, ya dube ni. Ya ɓamɓare yatsuna daga jikin gudumar ɗaya bayan ɗaya, ya shafa jinin a rigarsa. Hausarsa ba ta da ƙwari, rabi Larabci ce, amma ranar da Hausa ya yi mini magana.

"Shiga ciki ki wanke hannu. Ke kina da 'ya. Ni ne na yi."

Na shiga na wanke. Wannan ita ce biyayya mafi muni da na taɓa yi a rayuwata.

Ɗan Baffa bai mutu ba, hannun ne dai ya shanye har yau. Ya ga fuskata sarai, amma da aka tambaye shi sai ya nuna Yaya. Ko kunya ce ta hana shi cewa mace ta kai shi ƙasa, ko kuwa dama Yaya yake so a kawar masa, ban sani ba. Yaya ya yi zaman gidan yari, da ya gama aka soke iƙamarsa aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin Kaka. Baba kuwa a kan kujera maƙwabta suka sauko da shi, muka kama hayar ɗaki biyu a unguwar Kurayyat. Bai cika shekara a can ba ya rasu. Wanda ya sayi gidan ya rushe shi ya yi wurin ajiye motoci.

Yaya yana Kano har yanzu yana gyaran mota. A nan ana ce mana Takari, a can kuma Balarabe suke ce masa suna kwaikwayon maganarsa. In mun yi waya yakan yi dariya ya ce Kaka ya yi ta cewa baɗi zai koma gida, to ga shi jikansa ya koma masa. Ni ba na iya dariyar. A dangi kuwa shi ne abin misali, in yaro ya cika faɗa sai a ce kada ka zama irin kawunka. Sau nawa aka faɗi haka a gabana, na ci gaba da zuba shayina.

Na ɗaga wayar na sake duban dogon gidan nan na Turawa. Su ko ba komai an rubuta wanda ya yi saran. Na danna wurin ɗaukar murya, na share, na sake dannawa. A karo na uku na kira 'yata da sunan da Yaya ya raɗa mata, na ce, "Kada ki ƙara faɗin haka a kan kawunki. Ba shi ba ne. Hannun da ya goye ki ne ya ɗauki gudumar."